Deprisa, deprisa ko El pico: wanne ya fi nuna halin da matasan Sifaniya suka shiga?

Malam, na ga tambayar da ka aiko wa zaure. Ka ce kana shirya takarda a kan yadda fina-finan Turai suka nuna matasa marasa aikin yi, an kuma ba ka sunayen fina-finai biyu na ƙasar Sifaniya, wato Deprisa, deprisa na Carlos Saura wanda ya fito a 1981, da El pico na Eloy de la Iglesia wanda ya fito a 1983. Tun da lokacinka ba zai isa ka nazarci duka biyun da kyau ba, kana so ka san wanne ya fi nuna yadda rashin aiki yake kai matashi ga shaye-shaye, shaye-shayen kuma ya kai shi ga aikata laifi. Amsata a taƙaice ita ce babu ɗaya daga cikinsu da ya jera abubuwan nan uku bi da bi kamar yadda ka jera su, kuma a ganina wannan ne ma abin da ya fi cancanta ka rubuta a kai, domin kowane fim ya tsinke igiyar a wuri daban.

Kafin a shiga fina-finan, ya kamata a san ƙasar da suka fito daga cikinta. Janar Franco ya mutu a watan Nuwamba na 1975 bayan kusan shekara arba'in yana mulkin kama-karya, aka kuma amince da sabon tsarin mulki a 1978. A shekarun 1950 da 1960 miliyoyin mutane sun bar ƙauyukan Andalus da Extremadura sun kwararo Madrid da Barcelona da Bilbao neman aiki a masana'antu. Da farko sun zauna a bukkokin kwano da katako a bayan gari, daga baya gwamnati ta kwashe da yawansu ta zuba a dogayen benaye da aka gina cikin gaggawa, a unguwannin da makarantu suka yi ƙaranci, motocin haya ma da ƙyar suke isa. 'Ya'yan waɗannan baƙin haure na cikin gida sun tasa ne daidai lokacin da tsadar man fetur ta 1973 ta fara karya masana'antun da iyayensu suka zo dominsu. Rashin aiki, wanda bai kai kashi 5 cikin 100 ba lokacin mutuwar Franco, ya haura kashi 20 a 1985, a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 25 kuwa ya wuce kashi 40. A cikin wannan hali hodar hiroyin ta shigo unguwanni, cutar ƙanjamau kuma ta biyo ta ta hanyar allurar da ake karɓa-karɓa.

Mutanen Sifaniya suna kiran irin waɗannan fina-finai da sunan sinimar kinki. Kalmar ta samo asali ne daga masu yawon sayar da tarkacen ƙarfe da gyaran tukwane, daga baya ta koma sunan duk wani yaron bayan gari mai satar mota da fizgen jaka. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne José Antonio de la Loma da fim ɗinsa Perros callejeros, ma'ana karnukan titi, a 1977, shekarar da aka soke dokar tace fina-finai ta zamanin Franco. Ya ɗauko ainihin yaran unguwannin bayan Barcelona ya sa su a gaban kyamara suna tseren mota da 'yan sanda, fim ɗin ya yi kasuwa, wasu suka bi sahu. Saura da De la Iglesia duk sun gaji wannan dabara ta ɗaukar yaran titi maimakon ƙwararrun 'yan wasa, amma daga nan hanyarsu ta rabu.

Sunan fim ɗin Saura yana nufin "maza-maza", kuma shi ne abin da 'yan fashin suke faɗa wa ma'aikata idan sun tsare su da bindiga. Labarin mutum huɗu ne a kudancin Madrid: Pablo, da abokinsa Meca, da Sebas, da kuma Ángela, yarinyar da Pablo ya gani tana aiki a wata mashaya ya ce yana so, ta kuwa bar aikin ta bi shi. Ya kai ta wani kangon fili ya koya mata harbi, suna auna gwangwanaye. Ranar fashi sai ta zauna gaban madubi ta manna gashin baki, ta ɓoye sumarta, ta fito kamar saurayi. Babu iyaye a cikin labarin in ban da kakar Pablo, wadda ya kai wa talabijin da kuɗin fashi. Babu malamin makaranta, babu limamin coci, babu wani babba da zai ce a bari. Abin da suke yi da kuɗin shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: sun nemi gida a bene mai firiji da gado, sun sayi sutura, sun ɗauki mota sun tafi bakin teku saboda Ángela ba ta taɓa ganin teku ba. Abin da kowane ma'aikaci yake buri ke nan, bambancin kawai su ba za su jira shekara ashirin suna biyan bashin banki ba.

Ga inda zancenka na rashin aiki ya fara samun tangarɗa. Saura bai nuna yaran nan suna yawo da takardu ofis-ofis ana korarsu ba. Ba su neman aiki, kuma ba su ɗauki aikin albashi a matsayin abin da aka hana su ba. Sun riga sun cire shi daga lissafi. Rashin aikin yana cikin wurin da suke rayuwa ne, a filayen da ciyawa da bola suka cinye tsakanin benaye, da layin dogo da jirage ke wucewa ta gefen gida su bar su a nan, da tsawon yinin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Hiroyin ma haka take a fim ɗin. Ana ganinsu suna shaƙa kafin su fita aiki ko suna zaune ana hira, kamar yadda wani zai kunna sigari, kyamara ba ta matsa kusa ba, ba a kuma nuna wani yana birgima don bai samu ba. Ba don su sayi ƙwaya suke fashi ba.

El pico ya zo da nasa daga wata kusurwa da ba a zata ba. Ba a unguwar talakawa ya faru ba, kuma yaran ba mayunwata ba ne. A Bilbao ne, cikin yankin Bask, a shekarun da ƙungiyar ETA, mai neman ɓallewar yankin da ƙarfin bindiga, take kashe jami'an tsaro, wadda a 1980 kaɗai ta kashe fiye da mutum 90. Paco ɗan kwamandan jandarmomin Guardia Civil ne, mahaifinsa yana so ya shiga makarantar soja. Babban abokinsa Urko kuwa ɗan wani ɗan siyasa ne mai ra'ayin 'yancin Bask, wato iyayen biyu abokan gaba ne na haƙiƙa. Yaran 'yan makaranta ne, suna da ɗaki da abinci da kuɗin kashewa. Sun fara da wasa a gidan wata karuwa mai suna Betty, suka kamu, suka koma sayarwa don su samu na sha, har ta kai su ga harbe dillalin da suke saro wa, wani da ake kira El Cojo, wato gurgu, tare da matarsa. A nan ƙwaya ce uwar laifi, babu ruwan zaman kashe wando.

Sunan fim ɗin kansa harshen damo ne. A bakin 'yan shaye-shayen Sifaniya, kalmar tana nufin sokawar allura guda, tana kuma nufin tsinin hular nan mai kusurwa uku ta jandarmomin Guardia Civil. Mai kallo na 1983 ba ya buƙatar a yi masa bayanin hular, domin shekara biyu kacal kafin nan, ranar 23 ga Fabrairu 1981, Laftanar Kanar Antonio Tejero ya kutsa zauren majalisa sanye da ita, bindiga a hannu, yana yunƙurin juyin mulki. A daidai waɗannan kwanaki ne kuma fim ɗin Saura ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin. Ka ga ke nan fina-finan biyu suna tsaye a gefe biyu na rana ɗaya: na Saura an gama shi kafin ta, kuma siyasa ba ta dame shi ba, na De la Iglesia kuwa ya zo bayanta, ya sa hular a tsakiyar labari.

Idan aka dubi yadda kowannensu ya nuna ƙwaya, tazarar tana da faɗi. De la Iglesia ba ya kawar da kai. Yana nuna cokali a kan wuta, da ɗaure dantse, da neman jijiya, da jinin da yake komawa cikin sirinji kafin a tura, ya kuma bar kyamara a wurin har sai mai kallo ya gaji ya sunkuyar da kai. Yana nuna Paco a kwance yana gumi yana makyarkyata lokacin da yake ƙoƙarin dainawa a gidan wani mai sassaƙa da ya ba shi mafaka. Akwai wata fitowa da duk wanda ya kalli fim ɗin yake tunawa, inda matar dillalin ta shafa hodar a robar tsotson jaririnta don ya yi shiru. Wasu masu sharhi na lokacin sun zarge shi da neman kasuwa ta hanyar tayar da hankali, kuma zargin ba a banza yake ba, domin akwai wuraren da ya wuce gona da iri, zancen 'yan wasa ya koma kamar jawabin taron jam'iyya. Duk da haka, in ana maganar abin da hiroyin take yi wa jiki da gida, yadda take mai da ɗa maƙaryaci, ta sa ya saci na mahaifansa, ta dawo da shi bayan ya rantse ya bari, El pico ya fi fim ɗin Saura gaskiya nesa ba kusa ba. Saura ya wanke ƙwayar ya goge, har mutum zai iya gama kallo bai gane cewa ita ce za ta cinye wannan tsara ba.

Sai dai abin da Saura ya rasa a nan ya samu a wani wuri. Shi gogaggen mai fim ne tun kafin nan, wanda ya yi La caza da Cría cuervos, kuma fim ɗinsa na farko ma, Los golfos, a kan zauna-gari-banzan Madrid ne. Ya san amfanin shiru. Meca yana da wata ɗabi'a: duk motar da suka yi fashi da ita, sai ya kai ta kango ya zuba mata fetur ya cinna wuta, sa'an nan maimakon ya gudu sai ya tsaya yana kallon harshen wutar kamar yaro a gaban murhu ran sanyi. Ba a taɓa bayyana dalilinsa ba, kuma wannan tsayuwar ce ta zama ajalinsa bayan fashin banki na ƙarshe, da 'yan sanda suka hango hayaƙi. Sebas ya riga ya faɗi a ƙofar bankin. Pablo kuwa ya samu harsashi, Ángela ta kai shi gida ta kira wani likita a ɓoye, likitan ya duba raunin, ya karɓi damin kuɗi a kan zai je ya dawo da kayan aiki, bai sake waiwayowa ba. Ta zauna a gefen gado har numfashi ya tsaya, ta ɗauki jakar sauran kuɗin ta fita, ta ratsa yara masu wasa a filin unguwa da magariba, waƙar rumba ta ƙungiyar mawaƙan Los Chunguitos tana tashi. Babu wanda ya yi wa'azi, kuma mutumin da ya fi kowa rashin imani a duk fim ɗin shi ne mai digiri da jakar likita.

Game da hukuma kuwa, nan ma sun sha bamban. A wajen Saura 'yan sanda kamar ruwan sama suke, wani abu ne da yake sauka a kan mutum, ba su da suna ba su da gida. Akwai inda yaran suka je Cerro de los Ángeles, tudun da ake ɗauka a matsayin cibiyar ƙasar Sifaniya, mai babban gunkin addini da yake da tarihi a yaƙin basasa, suka yi ta shashancinsu domin wurin bai ce musu komai ba, 'yan sanda suka zo suka lalube su. Iyakar siyasar fim ɗin ke nan, kuma ta isa: ga ƙasa tana ta murnar dimokuraɗiyya, ga 'ya'yanta da ba su san ana yi ba. De la Iglesia ɗan jam'iyyar kwaminis ne, ba ya iya barin magana a dunƙule. Ya shigar da mu gidan kwamandan, muka ga matarsa a kwance da ciwon daji, muka ga mutumin da ya saba ba da umarni a barikin ya rasa yadda zai yi da ɗansa, har ya sauke girman kai ya nemi taimakon abokin gabansa don a gano yaran. Ya kuma nuna cewa dillalin nan ɗan leƙen asirin jami'an tsaro ne, abin da ya yi daidai da zargin da ya yaɗu a yankin Bask a lokacin, cewa hukuma tana kawar da kai daga hiroyin don ta kashe zuciyar matasa. Zargi ne da har yau ake jayayya a kansa, saboda haka in za ka kawo shi a takardarka, ka kawo shi a matsayin abin da fim ɗin ya nuna. Urko ya mutu da allura a hannu, iyayen biyu kuma kowanne ya gane cewa yaƙin da ya ba rayuwarsa bai kare masa ɗa ba.

Akwai abu ɗaya da ya haɗa su, shi ne abin da ya faru bayan an kashe kyamara. José Antonio Valdelomar, wanda ya fito a matsayin Pablo, an kama shi da laifin fashin banki na gaske a daidai lokacin da fim ɗin yake shiga sinima, ya kuma mutu a kurkukun Carabanchel na Madrid a 1992 sakamakon hiroyin. José Luis Manzano, wanda ya fito a matsayin Paco, yaron unguwar Vallecas ne da ya yi fina-finai biyar da De la Iglesia, shi ma ya mutu a 1992 yana da shekara 29. A shekarar ce Sifaniya take baje kolin sabuwar fuskarta da wasannin Olamfik na Barcelona da babban baje kolin Sevilla. Jarumin Perros callejeros, Ángel Fernández Franco da ake kira El Torete, ƙanjamau ta kashe shi a 1991. De la Iglesia kansa ya kamu da hiroyin a shekarun da yake waɗannan fina-finai, bayan 1987 ya ɓace daga sinima, sai a 2003 ya sake fitar da fim, ya rasu a 2006. Berta Socuéllamos, wadda ta fito a matsayin Ángela, ta bar harkar fim ta koma rayuwarta. Wannan ya sa nake ganin akwai tambayar da ta fi ta wanne ya fi kyau nauyi, wato mene ne hakkin yaron da aka ɗauko daga titi aka sa ya kwaikwayi mutuwarsa, aka ci kyauta da shi, aka mayar da shi inda aka ɗauko shi. A wannan ma'auni Saura, wanda ya shigo ya yi fim ɗaya ya koma ga fina-finan rawa, yana da abin amsawa, De la Iglesia kuma, wanda ya zauna cikinsu har ya nutse tare da su, nasa abin amsawar ya fi yawa.

Idan rashin aikin yi ne ainihin jigon takardarka, to wanda ya ba ka sunayen nan biyu ya tsallake wanda ya fi dacewa. Colegas, wanda De la Iglesia ya yi a 1982 tsakanin fim ɗinsa Navajeros da El pico, shi ne ya bi igiyar da kake nema. Abokai biyu ne marasa aiki a bayan Madrid, ɗaya ya yi wa ƙanwar ɗayan ciki, suna neman kuɗi ido rufe, sun nemi aiki ba su samu ba, kowace ƙofa suka ƙwanƙwasa sai ta kai su ga wadda ta fi ta muni, har suka yarda su je Maroko su ɗauko wa wasu tabar wiwi. Manzano ne a ciki tare da Antonio Flores da 'yar'uwarsa Rosario. Daga baya kuma Fernando León de Aranoa ya dawo kan batun ba tare da tseren mota ba: Barrio na 1998, inda yara uku 'yan shekara goma sha biyar suke kashe lokacin zafi a unguwa, ɗayansu ya ci babur ɗin ruwa a gasar kamfani alhali ɗaruruwan kilomita ne tsakaninsa da teku, sai Los lunes al sol na 2002, wanda ya koma kan magidantan da aka sallama daga masana'antar ƙera jiragen ruwa, ɗan wasa Javier Bardem yana jagorantarsu. Waɗannan ba sinimar kinki ba ce, amma su ne suka nuna layin ofishin neman aiki da kunyar komawa gida hannu rabbana.

Tsakanin biyun da ka tambaya, shawarata ita ce ka gina takardar a kan Deprisa, deprisa, domin ya fi jure maimaita kallo, kowace fitowa tana da abin da za a tono, kuma an fi yin rubutu a kansa a wajen Sifaniya saboda kyautar Berlin da sunan Saura. Sa'an nan ka ware dare ɗaya ka kalli El pico ko da sau ɗaya ne, ka yi amfani da shi wajen nuna abin da Saura ya rufe. Kada ka wahalar da kanka da El pico 2 na 1984 sai in kana son ganin rayuwar kurkukun Carabanchel, don labarin ya koma Madrid kuma ƙarfinsa ya ragu. Ka kuma sani cewa El pico yana da tsiraici da allura a fili, ba fim ne da za a kunna a falo gaban iyali ba, kuma yaren titi da ake yi a duka biyun yana da wuya ko ga wanda ya koyi Sifaniyanci a aji, saboda haka ka nemi kwafin da yake da fassara a rubuce a ƙasan hoto.